Ido Ɗan Aike Ne

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gona ke jingine da gona, da wuya ka sami manomin da bai taɓa gaida mutum-mutumi ba. Kara biyu aka gicciya, aka rataya musu tsohuwar riga da malafa, amma da almuru sai ka ji dattijo ya ce, "Sannu da aiki, Malam!" Da ya ji shiru sai ya yi tsaki: "Mutanen yanzu ba ladabi."

Kada a ga laifin idonsa. Ido ɗan aike ne, hoton ma a kife yake sauka cikinsa. Can wajen ƙeya ƙwaƙwalwa ke harhaɗa layi da inuwa, ta cike giɓin da abin da ta saba gani. Kimanin shekara 1000 ke nan da masani Ibnul Haisam ya rubuta a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani haɗe yake da kintace.

Ga ƙwaƙwalwar kuma da tsoro: gara ta kira igiyar akuya kububuwa sau goma da ta kuskure sau ɗaya.

Don haka in maƙwabci ya rantse "da idona na gani" a rikicin iyakar gona, tambaye shi ko ya yi sallar magariba a lokacin.