Talotalo a Ƙofar Gidan Surukina

Har yanzu shatin farce yana nan a ƙeyata, don haka bari in ba da labarin tun da zafinsa.

Yayana da ke zaune a Greensboro, garin nan na Amurka da 'yan Nijar suka cika, ya zo Ƙonni da iyalinsa farkon hunturu. 'Ya'yansa suka tayar da ballin cewa Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ta gabato, ranar da Amurkawa ke haɗuwa gida guda su gasa talotalo sukutum, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Yaya ya ce, "Ƙanena, gobe Laraba kasuwa na ci, samo mana ƙato."

Na samo ƙato. Aka ɗaure ƙafafunsa da kaba, na rungume shi, na hau kabu-kabu. Ɗan kabu-kabu kuwa, don gudun manyan motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza da suka toshe titi, sai ya yanke ta lungu. Lungun nan shi ne na surukina.

Ga tsoho zaune kan buzu yana shan hantsi. Wa ya isa ya wuce bisa babur? Na sauka, na tuɓe takalma, na durƙusa, talotalo a hammata.

"Barka da hantsi, Baba."

Daidai nan kaba ta tsinke.

Da gudu ya yi, da na gode masa. A'a. Ya taka cinyata, ya taka kafaɗata, ya haye doron bayana ya tsaya, ya baza wutsiya kamar sarki a hawan salla. Ni kuma ina durƙushe, ba halin tashi, don Baba bai gama gaisuwa ba. Tsohon nan ko gira bai ɗaga ba.

"Ina sanyi?"

"Lokacinsa ne, Baba." Sara ɗaya a ƙeya.

"Ina mutan gida?"

"Lafiya lau." Hulata ta faɗi.

"Ina baƙinku na Amurka?"

Baƙon Amurka na kaina, Baba, yana tsigar gashina! Amma abin da bakina ya furta shi ne, "Suna gaishe ka."

Mai shayin da ke tsallake ya bar tukunyarsa ya taso, ba don ya kama tsuntsun ba, don ya ba da shawara. "Malam, kada ka motsa, tsoro yake shinshinawa. Yi masa fito, fito na kwantar musu da hankali." Fito, a gaban suruki! Da ya ga na ƙi, sai ya yi da kansa. Duk wanda ya taɓa kiwon talotalo ya san fito ne ke sa shi kuka. Ya kwarara kulu-kulu-kulu cikin kunnena, yaran unguwa suka ɗauki fito gaba ɗaya, shi kuma yana amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ya gyaɗa kai ya ce, "To, wannan ba ya jin Hausa. Gwada masa Faransanci."

Baba ya ci gaba. "Ina gajiya?"

"Babu gajiya." A lokacin ne na ji wani ɗumi yana gangarowa cikin wuyan rigata, na kuma ji dariyar mata daga bayan zaure.

Da na isa gida na ce a kawo wuƙa, ba ma sai gobe ba. Ƙaramar 'yar Yaya ta fashe da kuka, wai a ƙasarsu shugaban ƙasa da kansa yakan yi wa talotalo afuwa duk shekara. Yaya ya ce gaskiya ne, Bush babba ya mayar da abin al'ada a 1989. Nan take aka yi wa maharina afuwa, ba wanda ya nemi jin ta bakina. Ranar Alhamis zabi muka ci.

Jiya Baba ya aiko yaro, wai a gaishe ni, a kuma gaishe da mahayina.