Jinjina ga Gwanin da Ke Ajiye Aikinsa a Foldar Python

Sannu da ƙoƙari, gwani na gwanaye! Yau kai za mu yaba, kai da ka duba faɗin kwamfutarka kaf, ba ka ga inda ya dace da aikinka ba sai cikin foldar da aka girke Python. Wasu na ta wahalar da kansu suna ware wa kowane aiki foldarsa, kai kuwa ka jibge naka cikin Python312, kafaɗa da kafaɗa da python.exe. Allah ya ƙara basira!

Wa ya kai ka iya raɗa suna? Ka rubuta ɗan shirin gwaji, ka kira shi random.py. Python kan fara duba foldar da shiri yake ciki kafin ya leƙa nasa kayan, don haka duk shirin da ka kunna daga nan, in ya nemi random na asali, naka zai ɗauko. Kwana za ka yi kana zagin kwamfuta, alhali abin da ka sa ta ne ta yi. In kuwa cikin Lib ka ajiye shi, ka danne na asalin ke nan gaba ɗaya. Aikin da masana suka shekara suna ingantawa, ka maye gurbinsa da layi goma. Wannan ai sai jarumi.

Ga ka da tawakkali. Tun daga siga ta 3.9 a 2020, kowane watan Oktoba ake fitar da sabon Python, kuma a Windows kowace siga da foldarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka girka sabuwa, ka cire tsohuwa, ka ga ragowar folda tana tare maka wuri, ka goge ta da hannunka. Aikin wata shida ya bi ta. Ba ka sa shi a Git ba, ba ka kwafe shi ko'ina ba, domin wa ke tunawa da kwafe foldar da ake iya sake saukewa daga intanet?

Ba mu manta da ƙaninka na Linux ba, mai haɗa sudo da pip ya zuba kaya inda tsarin kwamfutar ke ajiye nasa, har manhajojin da suka dogara da Python su daina tashi. Saboda irinsa ne Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka toshe wannan ƙofa a 2023. Da ya ga gargaɗin, sai ya nemo yadda ake tsallake shi. Madalla da naci!

Tun 2012, da fitowar Python 3.3, venv ke nan a cikin yaren, kyauta. Umarni ɗaya ne, kowane aiki ya samu keɓantaccen wurinsa da kayan da yake bukata, ka ɗauke aikin zuwa wata kwamfuta ka sake haɗa wurin cikin mintuna. Ka ƙi. Sauƙi ai na ragwaye ne.

Babbar kyautarka kuwa ita ce gadon da kake bari. Abokin aikin da ya karɓi kwamfutarka ba zai iya bambance fayil ɗinka da na Python ba, yana tsoron gogewa, yana tsoron sabuntawa. Ɗalibin da ya zauna kusa da kai ya ga inda kake ajiya, ya ɗauka haka ake yi. Shi ne zai rasa aikin kammala karatunsa ana saura mako a miƙa, ya fita yana cewa ba shi da kan koyon wannan sana'a. Yaron yana da kai sarai, malami ne bai dace da shi ba. Wannan yabon naka ne kai kaɗai, gwani, ba mai raba ka da shi.