Silimar Bebaye

Landan,
Lahadi, 10 ga Maris, 1963,
cikin watan Shawwal, 1382.

Takarda ta fito daga hannun ubangidanka da ke zaune a birnin Sarauniya, zuwa ga baransa kuma taubashinsa, sarkin surutun zauren gidanmu. Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci, da barka da Sallah ko da ta zo a makare. Bayan haka, takardarka ta iso, na kuwa karanta ta har sau uku: na farko domin in warware rubutunka, wanda har yanzu bai daina kama da sawun kaji a kan toka ba, na biyu domin in gane abin da kake nufi, na uku kuwa ba don wata hikima da ke ciki ba, sai don a daren nan babu mai yi mini Hausa in ba kai ba.

Ga labari a gurguje, don in kai ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka gaya wa Inna na ji saƙonta, yadda ta ce haka za a yi. Batun gonar nan kada ka ƙara tayar mini da shi. Yaji ya iso lafiya, goro kuwa ya iso a bushe kamar tsakuwa, amma na ci abina. Azumin bana ya zo mana da sauƙi, gama ranar ƙasar nan malalaciya ce, ba ta fitowa da wuri, kuma kafin ka ji ƙishirwa ta faɗi. Idi mun yi shi a masallacin Wokin, wanda aka gina tun 1889, babu doki, babu algaita, babu tambari, sai mu da Indiyawa da Larabawa, kowa cikin ƙaton kwat, haƙora na ta kaɗawa.

Sanyi kuwa, ɗan'uwa, abin da kuke kira hunturu a Kano, har kuna hura wuta a tsakar gida kuna raki, a nan sunansa bazara. Tun washegarin Kirsimeti ƙanƙara ta rufe ƙasar nan, ba ta fara sakinmu ba sai cikin makon nan, har jaridu suna cewa rabon Ingila da irin wannan sanyi tun 1740. Famfo ya daskare, madara ta daskare cikin kwalba har ta ture murfi ta leƙo waje, kogin Tems ya sandare a wasu wurare, wasannin ƙwallo kuwa an yi ta ɗage su mako bayan mako. A ɗakina akwai wani akwatin gas da ya gaji halin maroƙa: in ka jefa masa sule ya yi maka kirari da ɗumi, da sulen ya ƙare ya yi gum ya juya maka baya. Da na yi lissafi na ga abin da yake ci a dare ɗaya ya kusa kuɗin kujerar silima, inda ɗumi yake kyauta, sai na ba kaina fatawa cewa larura tana halatta abin da aka hana, na kama zuwa kallo har ranar da aka ga watan azumi. Wannan fatawa tsakanina da kai ce. In ta kai kunnen Malam na san bakin da ya kai ta, ni ma kuwa ina da labarin wanda ya saba haura katanga bayan lisha.

To, ga abin al'ajabin. Ka san yadda muke kallo a Rex da Palace: fili a buɗe, taurari bisa kanmu, ga mai rake, ga mai gyaɗa, kowane mai kallo kuwa yana riƙe da sarauta uku, shi ne alƙali, shi ne wazirin jarumi, shi ne tafinta. In mugu ya laɓe bayan ƙofa, gidan duka ne zai tashi ya gaya wa jarumi. In aka soma dambe, benci ma sai ya sha naushi. Mutanen nan kuwa, wallahi tallahi, sai su taru fiye da dubu a ɗaki guda, a kashe fitila, su yi tsit kamar mutuwa ta gifta. Ran da na fara shiga na zaci ɓatan kai na yi na faɗa zaman makoki, har na juya ga na kusa da ni ina shirin tambayarsa yaya haƙuri. Amma ko a zaman makoki ai akan ji wani ya yi ajiyar zuciya, wani ya ce a yi salati. A nan in tari ya zo wa mutum sai ya riƙe shi, yana jira a harba bindiga a cikin fim, sa'an nan ya sake shi a ɓoye cikin ƙarar. Na ga masu i'itikafi, na ga almajirai gaban malami mai dorina, na ga masu laifi gaban alƙali, amma ban taɓa ganin kushu'i irin nasu ba; da za su kai rabin wannan natsuwa wurin ibada, da waliyyai sun yi arha a Ingila.

Na fara gwada haƙurina da wani fim da ya fito cikin Oktoban bara, Dr. No, na wani ɗan leƙen asiri da hukumarsu ta ba lasin kisa yadda ake ba direba lasin mota. Mai wasan kuwa wani ɗan Sikotlan ne, Sean Connery, wanda da can madara yake rabawa gida gida. Akwai inda yake kwance da dare a Jamaika, sai ga wani ƙaton gizo-gizo mai gashi yana tattaki a jikinsa, yana nufin kafaɗa. Da a gida ne da tuni an kaure da ihu ana cewa ga mijin Ƙoƙi, wasu na cewa a kawo tsintsiya, wasu takalmi. Na duba dama, na duba hagu, babu wanda ya agaji bawan Allah da ko kalma ɗaya. Na cije leɓe har ya kashe shi da takalmi, wato ainihin shawarar da na ba shi a zuci, amma ban sami wanda zan zungura in ce wa ba na faɗa ba.

Inda gizo ya yi saƙar gaske kuwa shi ne Lawrence of Arabia, wanda Sarauniya da kanta ta halarci buɗe shi ran 10 ga Disamba, ni kuma na bi sahunta cikin Sha'aban. Labarin wani hafsan Ingila ne da ya shiga cikin Larabawa zamanin yaƙin duniya na farko, ya taya su tawaye ga Turkawa, har suka ƙetare hamadar Nafud suka faɗa wa garin Aƙaba ta baya a 1917, alhali igwoyin garin duk teku suke fuskanta. Tun farko suka ɓata mini rai, gama ban gama gyara zama ba jarumi ya faɗi da babur ya mutu, har na yunƙura zan nemi kuɗina. Ashe daga jana'iza suke fara labari su koma baya, kamar mai cin tuwon da ya fara da suɗin kwano.

Can sai ga Lawrence da jagoransa a bakin wata rijiya, suna shan ruwan da ba nasu ba. Sai wani ɗigo baƙi ya bayyana can nesa cikin kawalwalniya, yana matsowa sannu sannu, ba kiɗa, ba magana. Ka san yaron da ya tashi yana ganin ayarin Agadas na sauka a Fage ba ya bukatar a gaya masa raƙumi ne, kuma mai tahowa haka a miƙe ba gaisuwa ta kawo shi ba. Na daure, na daure, da na ga jagoran nan ya ruga zai ɗauko bindiga, ban san sa'ad da na miƙe tsaye na ce, “Kai, wawa, kwanta! Harbe ka zai yi!” da Hausa tsantsa, da muryar nan da ka sani. Ban rufe baki ba aka harbe shi. Maimakon a yaba mini hangen nesa, sai ɗakin duka ya ɗauki wani sauti, shiii, kamar gamsheƙa dubu sun fasa kai lokaci guda. Wata tsohuwa mai hula da gashin tsuntsu ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, dubawar da har gobe in na tuna sai na gyara zama. Sa'an nan ga ma'aikaciyar gidan da tocila, ta haske mini fuska kamar an kama ɓarawon kaji, ta roƙe ni cikin ladabi mai kaifin aska in taimaka in zauna. Na zauna. Amma ina so ka shaida, ka kuma shaida wa mutanen zaure, cewa cikin jama'ar nan duka ni kaɗai na yi yunƙurin ceton ran Balaraben nan. Sauran sun ga kisa sun yi shiru, ka kuwa san hukuncin mai ɓoye shaida.

Ra'ayina game da fim ɗin, tun da babu wanda ya tambaye ni a nan, kai za ka sha shi. Hamada sun ɗauke ta yadda ya kamata, gama a Urdun da Maroko da Andalus suka yi aikin. Akwai inda jarumi ya hure ashana, kafin ƙiftawar ido sai ga rana na ɓullowa bisa rairayi ja wur, har na ji gumi a watan da ruwa ke zama dutse. Raƙuma sun yi wasansu ba aibu, don su kaɗai ne ba a yi wa kwalliya ba. Wanda ya fito daga kawalwalniyar nan Bamisire ne na gaske, Umar Sharif, ya kuwa zauna raƙumi zaman mai abu. Amma Amir Faisal ɗan Sharifin Makka, Bature ne, Alec Guinness, aka manna masa gemu. Shugaban Larabawan Huwaitat kuma haifaffen Meksiko ne, Anthony Quinn, aka yi masa ƙarin hanci. Fim ya kusa awa huɗu, babu mace ko ɗaya da ta buɗe baki, babu waƙa, babu rawa, babu wanda ya zagaya itace yana bin wata; da a Kano ne da an nemi ragowar kuɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda jarumin, saboda ya koma cikin hamada ya ceto wani da ya ɓace, ya yi alfahari wai babu abin da aka rubuta wa ɗan Adam. Na yi istigfari, a hankali wannan karon, don mai tocila na kusa. Ba a jima ba sai ga shi an tilasta masa harbe mutumin nan da hannun da ya cece shi. Mai shirya fim ɗin, David Lean, ko bai zauna gaban malamin tauhidi ba, ya kai babin ƙaddara inda malamai ke kai shi.

Sau biyu kaɗai na ga alamar rai a jikin masu kallo. Na ɗaya, da aka ba da hutu a tsakiya, suka yi layi suna sayen daskararriyar madara mai zaƙi suna lasa, alhali sun bar ƙanƙara tuli kyauta a bakin ƙofa. Na biyu, al'adarsu ce in an gama kallon dare a kaɗa taken Sarauniya kowa ya tsaya ƙyam. To, da an ga alamar fim zai ƙare, sai ka ga dattawan nan masu natsuwa sun suri hula da laima sun yi ƙofa kamar kasuwar Kurmi ta ga hadari, don kada take ya riske su, wanda ya makara kuma ya sandare inda ya same shi, ƙafa ɗaya a gaba. Ni da ƙasata ta karɓi mulkin kanta tun 1960, ni na tsaya wa Sarauniya har ƙarshe, ni da tsohuwa mai hula.

Na komo gida cike da magana kamar tulu, na tarar da dattijuwar da nake haya a gidanta, wadda ta riga ni ganin fim ɗin, na tambaye ta yaya ta gani. Ta yi dogon tunani, ta ce ba laifi, sai dai rairayi ya yi yawa, ta koma kan shayinta. Sharhin awa huɗu ke nan, mu da muke kwana uku a zaure muna shari'ar fim guda ba mu yanke hukunci ba.

Na daɗe ina zaton haka Allah ya halicce su, sai ran wata Asabar da hantsi, ina wucewa ta gaban wata ƙaramar silima ta unguwarmu, na ji ihu da tafi da buga ƙafa har bango na amsawa. Na tambayi mai tsaron ƙofa ko lafiya, ya ce kallon yara ne, sisi sisi suke biya kowace Asabar a nuna musu kaboyi. Ashe da harshensu ake haihuwarsu: suna yi wa mugu eho, suna gaya wa jarumi ya waiwaya, daidai da mu, sai sun girma ne ake karɓe muryar, ina tsammani tare da kuɗin haraji. Ba wurin manya ba ne, saboda haka na jingina da bango a waje, ƙanƙara na sauka a hulata, ina sauraro har aka tashi. Mai ƙofa ya tambaye ni ko ɗana nake jira. Na ce masa wani ɗan'uwana nake jira, mai surutu, amma da wuya ya fito ta wannan ƙofa.

Kada wannan ya sa kanka ya kumbura. Ban manta ba kai ne ka kalli Mother India har sau tara, kana rera waƙoƙinta da Indiyancin da ko Indiyawa ba su san shi ba, kuma ran da Nargis ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta ka yi kuka har da majina, ka ce ƙurar hunturu ce, alhali ana tsakiyar damina. Da za a kawo ka nan, da ba ka kai hutun tsakiya ba an kai ka gaban alƙali, da kuwa ni zan fara ba da shaida. Duk da haka na yi maka tanadi, da gangan na ƙi gaya maka yadda ta kaya da Lawrence a Dimashƙa. In fim ɗin ya riga ni isowa Kano, ka yi haƙuri kada ka shiga. Ka jira ni mu zauna benci ɗaya, ka sayi rake, ni in biya kuɗin ƙofa kamar kullum, in aka zo wurin rijiyar nan mu tashi tare mu gargaɗi Balaraben, ko Allah ya sa wannan karon ya ji.

A gai da Inna, da Yaya da yaranta, da mutanen zaure kowa da sunansa. A sa ni a addu'a, a kuma ƙaro yaji. Haza wasalam.

Ubangidanka har abada,
wanda aka yi wa shiii a birnin Landan.