Ai Ba Haka Yake a Littafin Ba

Mu mutanen Mahuta ba ma iya kallon fim bakinmu a rufe, duk wanda ya taɓa zama da mu ya san haka. In an gama kaka, masara ta shiga buhu, an kai auduga Funtuwa, to bayan isha'i za ka same mu gaban mai shayi, kawuna biyar a kan waya ɗaya, kowa na ba jarumi shawara. Amma gardamar da ta fi kowace zafi ita ce in aka ce daga littafi aka ciro fim ɗin. Nan take majalisa ke rabuwa biyu. Waɗanda suka karanta ba sa bari a yi nisa ba su ce, "Ai ba haka yake a littafin ba." Waɗanda ba su karanta ba kuma su ce, "Don Allah Malam, ka bari mu gani da idonmu."

Kada ka ga laifinmu. Littattafan aljanu da jarumai na Hausa 'yan gida ne a ƙasar Katsina. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, aka buga shi a 1934. Yayansa, Malam Bello Kagara, a wannan gasar ya fito da Ganɗoki. Ga kuma Ahmadu Ingawa mai Iliya Ɗan Maiƙarfi. Dattawanmu da suka yi boko da waɗannan suka koyi karatu, waɗanda ba su yi ba kuwa a bakin 'yan makaranta suka ji su, da dare, gaban fitilar ƙwai. Wanda ya tashi da Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a kunnensa, gani yake 'yan uwansa ne, kuma ba ya son a taɓa su.

Akwai wani malamin firamare mai ritaya a majalisarmu, shi ne alƙalin wannan shari'a. Yana yaba wasan Magana Jari Ce da talabijin ta Kaduna ta yi a shekarun 1980, da marigayi Ƙasimu Yero a ciki, yana cewa mutanen sun yi aiki da zuciya ɗaya. Amma in an zo kan akun da ke ba da labari a littafin, kullum sai ya ƙara da cewa, "'Ya'yana, kowa da akunsa a ka. Duk akun da za a nuna maka, bai kai wanda ka ƙera da kanka ba sa'ad da kake karatu." Na yarda da shi, musamman a kan aljanu. Marubuci da layi ɗaya zai tsayar da aljani kansa na taɓa gajimare, abin da ya kashe tawada ce kawai. Mai fim kuwa sai ya nemo kuɗi da na'ura da gwanin kwamfuta, in babu, sai a shafa wa mutum hoda, a tayar da hayaƙi, a sa shi ƙyaƙyata dariya. Yara su yi ta tafi, dattijo ya kau da kai. Ni ban ɗauki wannan rashin basira ba, ƙarancin jari ne, kuma yana ba ni tausayi, don na san masu yin suna son labarin kamar yadda muke sonsa.

A cikin gida ma gardamar na nan, sai dai littattafan daban. Iyayenmu mata da yayyenmu sun yi hayar littattafan Bilkisu Funtuwa har bangonsu ya fita, ga ta 'yar nan kusa da mu. Da aka mayar da Ki Yarda Da Ni fim a ƙarshen shekarun 1990, ba wadda ta tsaya duba kyan hoto. Abin da suke dubawa shi ne, matar nan ta yi maganar da ya kamata ta yi wa kishiyarta, ko an sauya mata hali? Haka aka yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da aka yi fim ɗinsa a 1994. Kowace ta riga ta zana Sumayya a ranta, don haka duk wadda aka ɗauko sai an sami mai cewa ba ita ba ce.

Wani ɗan makwabcinmu da ke karatu a jami'ar Zariya ya zo hutu, ya ce, "Baba, ai wannan rigimar ba tamu ce mu kaɗai ba." Ya ba mu labarin The Lord of the Rings na Tolkien, ɗan Ingila, wanda Peter Jackson ya mayar fim kashi uku daga 2001 zuwa 2003, na ukun ya ci kyautar Oscar 11. Duk da wannan kuɗi da yabo, an cire wani mutum sukutum mai suna Tom Bombadil, kuma masu karatu da yawa sun haƙura. Inda ransu ya ɓaci shi ne kan Faramir. A littafi, zoben da kowa ke kwaɗayi ya zo hannunsa ya ƙi shi, ya sallami mai ɗauke da shi. A fim sai aka sa ya tsare mai ɗauke da zoben da niyyar kai wa mahaifinsa zoben, kafin daga baya ya sake shi. Malam ya gyara zama ya ce, "To ka ji. An yanke reshe sun yi shiru, da aka taɓa saiwa suka yi kuka."

Nan ni ma nake tsaye. Ba na jin haushin a rage labari. Littafin Dune na 1965 da aka cusa cikin fim ɗaya a 1984 bai yi armashi ba, sai da wani ya raba shi biyu, 2021 da 2024, sannan labarin ya sami sarari. Dole a yanke wani abu, ko a kwana ana kallo. Abin da ba na yafewa shi ne a canza wa mutum hali, ko a karɓe masa baki. In ka yi Ruwan Bagaja ka cire garuruwa uku daga tafiyar, ba komai. Amma in ka mayar da Alhaji Imam salihin bawan Allah wanda bai taɓa damfarar kowa ba, ko ka sa Malam Zurƙe yana Hausar da ba gishiri, to wani labari ka yi, ka ari sunan kawai. Daɗin littafin yana cikin ramuwar gayyar da mutanen nan biyu ke yi wa juna, da yadda magana ke zuba daga bakinsu.

Wani matashi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai Imam ɗin ma aro ya yi." Malam bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, a Magana Jari Ce akwai labaran da suka fito daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya, shi ma Iliya asalinsa jarumin Rasha ne. "Amma ɗana, ka taɓa karantawa ka ji warin baƙunta? Ya san abin da ya ɗauko ciki da waje, sannan ya sa masa riga da hula. Mai fim ya yi haka, ni ne zan fara sa masa albarka."

Yanzu abin da samarinmu suka ƙwallafa rai a kai shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, labarin yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zaga da shi. Sun saba da finafinan Indiya da na Cana da ake fassarawa a Kano, ana tura musu a waya, sun ga jirage suna yawo tsakanin taurari, sai suka yi mamakin jin Bahaushe ya rubuta irin wannan a shekarar da aka sauka a wata. Ɗan jami'ar ya ce da zanen kwamfuta za a iya, ba sai an gina komai ba. Malam ya ce ya amince da sharaɗi biyu: duk wanda zai rubuta fim ɗin ya karanta littafin daga bango zuwa bango, kuma a bar yaron ya yi magana irin ta yaranmu.