Ƙosan Inna ya haye teku

Mu Sakkwatawa sai a bar mu. A watan Afrilu zafi ya haura maki 40, ko ƙadangare na neman inuwa, amma da an yi la'asar kowa sai ya nufi inda kasko ke ƙauri. Da azumi kuwa ba a magana: gidan da ba a ji "caaa" kafin magariba ba, a je a gaishe su, ba lafiya ba.

Rannan muna majalisa gindin dogonyaro a Runjin Sambo, ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Jami'ar Danfodiyo ya ce wai ƙosai ya je Barazil.

Baba, tsohon direban hanyar Illela, ya aje rediyo. "Mi kac ce, wanga yaro? Ƙosai dai irin na Inna mai tuya?"

"Shi fa, Baba. Bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa su suka tafi da akara. A birnin Salbado na jihar Bahiya sunansa akaraje. Wake ne, a surfe shi, a niƙa da albasa, mata masu fararen kaya su soya a bakin titi. Sai dai su da manja suke yi, kuma su tsaga shi su cusa jatan lande."

"Manja? To sun ɓata shi."

A nan kam na bi bayan Baba. Ƙosan da bai sha man gujiya ba, bai ga tonka da garin ƙuli ba, ai maraya ne.

Alhaji mai shago ya ce shi ma a Makka ya ga fanke, ƙanana dunƙule-dunƙule, an yi musu wanka da zuma ana ce musu luƙaimat. Sambusa ma da yanzu ta cika farantan buɗa-bakinmu, ai baƙuwa ce. Ɗalibin ya ƙara da cewa Misirawa na da ta'amiyya, ƙosan wake mai ganye a ciki, awara kuma 'yar ƙasar Sin ce. Wannan Baba bai musa ba, don ya ce da ƙuruciyarsa masa da fankasu kawai ya sani, waken suya ko a mafarki.

Abin da ya ba ni dariya Turawan Ingila. Ashe da can a tsohuwar jarida suke naɗe soyayyen kifi da dankali. Mu har mun wuce nan: makon jiya a takardar jarrabawar wani yaro aka ƙunso mini doya, ya ci 3 cikin 20, mai ya jiƙe sunansa. Allah Ya rufa masa asiri.

"To fara fa?" in ji Baba, yana ganin ya kama mu. "Wa ka cin ta in ba mu da 'yan'uwanmu na Ƙonni ba?"

"Mekziko, Baba. Har da lemon tsami da barkono."

Baba ya yi shiru. Daidai nan yaron da muka aika wurin Inna ya dawo da ƙunshi yana turiri. Baba ya kwance, ya ƙirga da yatsa ɗai-ɗai, ya tarar da biyu a sama. Ya ɗaga ɗaya ya nuna wa ɗalibin.

"Can Barazil ɗin, suna gyara?"