Yadda Na Shanya Fatar Yanyawa

Kajin uwargida ne suka mai da ni ɗan tarko. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Maigatari, inda yanyawa ke haƙa ramukanta cikin yashi, ta wuni tana barci, dare ya yi ta fito neman ɓera da fara da ƙwai. Da ta gano akurkinmu sai ta daina wahalar da kanta da ɓera. Na aro tarkon ƙarfe wajen wani tsohon maharbi, na ɗana, da asuba kuwa sai ga ta: 'yar aba ce, nauyinta bai wuce kilo 3 ba, launin yashi, kunnuwa fato-fato, ga jela buzu-buzu mai baƙi a ƙarshe. Jelar nan ita ta ja mini. Nan take na hango kaina ran Alhamis a kasuwar Maigatari da hular gashi, jela na reto a ƙeya.

Duk shekara ni ke feɗe ragon layyarmu, don haka ban ga abin tambayar kowa ba. Ashe fatar yanyawa siririya ce kamar takarda, wuƙa ta ɗan karkace sai huji. Kafin in gama, idanunta sun kai bakwai. Ƙashin jelar kuwa na bar shi a ciki, don hula ta tsaya da kyau. Na hau rufin kwano na baza ta a tsakiyar ranar bazara, na danne da duwatsu, na sauko ina taƙama.

Rana ta narkar da kitsen da ban kankare ba, ya shige cikin fatar. Gefe-gefe ya ƙandare, kunnuwa da jela suna nan danye sharaf, sai suka shiga aikinsu. Ita yanyawa ko da ranta ba mai ƙamshi ba ce, balle yanzu. Ƙudan unguwa duka suka tare a gidana, ungulu biyu suka zo suka zauna a bishiyar darbejiya suna jiran izini. Maƙwabcina ya yi sallama, ya tambaya a hankali ko jakina ne ya mutu.

"Maigida," in ji uwargida, mayafi a hanci, "da wannan warin, ai gara kajin su ƙare."

Na sauko da fatar cikin dare na rataye a zaure. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: wasu baƙaƙen ƙwari suka shiga gashin suka yi ƙwai, karen gidan kuma ya tafi da ƙafar baya ɗaya.

Na kai wa tsohon maharbin. Da farko bai taɓa ta da hannu ba, da sanda ya ɗaga ta. Ya tsinci gashin da yatsa biyu, ya biyo shi ba gardama.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka fata na son rana?"

"Baba, ai haka muke yi wa ta rago."

"To, wannan rago ce?"

Ya zayyana mini abin da ake yi. Tun tana danya ake kankare kitse da dakusasshiyar wuƙa. Jela a tsaga ta a zare ƙashin. Gishiri a cusa shi har cikin kunnuwa da tafin ƙafa, sannan a miƙe fatar a inuwa, inda iska ke kaɗawa, an fi so da hunturu. In kuwa gashi ya fara zuba, ya ce, ko malamin da ya fi kowa ba ya mai da shi.

Ban fid da rai ba, na wuce wajen majemi. Ban ce masa hula nake so ba, shi ma bai tambaya ba. Ya haɗa ta da fatun awaki ya jefa a ruwan toka, wanda aikinsa ke nan cire gashi, daga nan kashin kaji, daga nan ruwan bagaruwa. Aiki dai ya yi kyau. Ya miƙo mini wani tattausan ƙyalle tal ba gashi ko ɗaya, jela kuwa ya ce tun a ruwan farko suka rabu.

Na kai wa baduku fatar, ya juya ta, ya leƙa ni ta cikin huji ɗaya, ya ce za ta yi kuben wuƙa in an kauce wa ƙofofin. An ɗinka. Kuben yana nan, mai so ya zo mu yi ciniki, warin ya ragu sosai.