Gaishe Ka Sukari, Uban Gidan Leburori

Ranka ya daɗe, Sukari. A cikin manyan da ke da hannu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, kai ne ba a cika kai wa gaisuwa ba, alhali ka fi kowa cancanta. Masaƙu sun ci zamaninsu, an garƙame ƙofofinsu da kwaɗo. Rashin wutar lantarki ya durƙusar da kamfanoni bila adadin, ciyawa ta cinye harabarsu. Kai kuwa ko gezau. Manyan motoci na fitowa daga Challawa maƙare da lemon kwalba, alewa da biskit na kwarara kasuwar Singa, daga can su nausa har Maraɗi da Damagaram. Daga Barazil ake ɗauko mafi yawan ɗanyenka a jirgin ruwa, a tace ka a Legas, a loda ka a tirela zuwa Kano. Ina aka taɓa ganin ƙauna irin wannan, baƙo ya keto teku don kawai ya narke a kofin lebura?

Mai shakkar alherinka ya je bakin ƙofar kamfani a Sharaɗa kafin a shiga aikin safe. Ga mai shayi a bayan teburinsa, tukunya na tafasa, gwangwanayen madara a jere, burodi a gefe. Ma'aikaci ya zauna a benci, mai shayi ya buɗe kwali ya ce, "Ƙwaya nawa, maigida?" Ya ce, "Ƙara dai, aikin yau da nauyi." A jefa huɗu, a jefa biyar, a juya, a tsoma burodi. Da azahar rana ta take, ƙarar inji ta cika kai, kuɗin aljihu ba su kai na shinkafa da wake da kifi ba, amma sun kai na lemo mai sanyi da biskit. Da yawa daga cikin kwalaben nan masu rabin lita suna ɗauke da kusan giram 50 naka, wato wajen ƙwaya goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada abin da babban mutum zai sha naka a yini ya wuce kimanin giram 50, in da hali ma ya tsaya a 25. Su rowa suke koya wa mutane. Kai kuwa rabon yini guda kake bayarwa a zama ɗaya, kafin la'asar ma ka dawo a zoɓo ko kunun zaƙi.

Ga ka da sanin darajar lokaci. Tuwon dawa da miyar kuka, ko ɗanwake, ko faten wake, zama suke yi a tumbi, tumbin na sakinsu kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, saboda dusa da harza da maiƙon da ke cikinsu. Kai in ka zo a narke cikin ruwa ba ka bin layi. Da isarka bangon hanji wani sinadari zai raba ka gida biyu, gulukos da furuktos. Gulukos ya faɗa jini, kafin sa'a guda ya kai ƙololuwa. Masu bincike a birnin Adelaide na Ostireliya sun nuna tun 1993 cewa saurin da tumbi ke juye abin da aka sha cikin hanji, shi kaɗai yana bayyana kusan kashi ɗaya cikin uku na bambancin hawan sukari tsakanin mutum da mutum. Kowa na kukan jinkiri a ƙasar nan, kai ne kaɗai ba a taɓa jira ba.

Abin da ya fi cancantar jinjina shi ne yadda kake yi da masu tsaron gida. Allah bai bar hanji haka kawai ba. A bangonsa akwai ƙwayoyin halitta masu aika saƙo da zarar abinci ya iso. Na sama suna sakin wani sinadari da likitoci ke kira GIP, na can ƙasa kuma GLP-1. Su biyun suna bin jini zuwa fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, su sanar da ita ta saki insulin, wanda ke buɗe wa gulukos hanyar barin jini ya shiga tsoka. GLP-1 ba ya tsayawa nan. Yana umartar tumbi ya rage sauri, yana hana fitar sinadarin da ke sa hanta ta ƙara zuba nata sukarin a jini, yana kuma gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A jikin mai lafiya, fiye da rabin insulin ɗin da ke fita bayan an sha gulukos albarkacin waɗannan manzanni biyu ne. Shi ya sa gulukos ɗin da ya bi ta baki ya fi wanda aka sa ta ƙarin ruwa jawo insulin, ko da yawansu a jini ɗaya ne. Likitocin Jamus sun nuna a 1986 cewa a jikin mai ciwon sukari nau'i na biyu wannan tsarin ya yi rauni ƙwarai. GIP na ta kira, fankiriyas ba ta amsawa yadda ya kamata, kuma daɗewar sukari a sama na ƙara toshe mata kunne. Wani baƙon in ya ga mai gida ba lafiya sai ya rage zuwa. Kai ba ka da wannan yanke zumuncin. Yadda kake ziyartar mai lafiya haka kake ziyartar majinyaci, da safe, da rana, da buɗa-baki a watan azumi, lokacin da ciki yake fayau babu abin da zai tare ka.

Ɗaya rabin naka, furuktos, shi ne sarkin kunya. Ba ya tayar da insulin sosai, ba ya kwantar da yunwa kamar sauran abinci, sai ya zarce hanta shiru. In ya yi yawa hanta ta mayar da shi kitse ta ajiye, hanta mai kitse kuma ba ta jin maganar insulin. Mutum ya sha ka rabin lita, ya koma gida ya ci tuwonsa cif kamar bai sa komai a baki ba. Ba ka taɓa tare wa tuwo wuri ba, wannan kam kowa ya shaida.

Kyautarka kuwa ba ta zuwa rana ɗaya. Idan ka haura kimanin 180 a ma'aunin jini, ƙoda ta gaza riƙe ka, sai ka bi fitsari ka ja ruwan jiki tare da kai. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, kiyashi su taru inda ya tsuguna, ya wayi gari maƙoshi a bushe. Me zai kashe ƙishirwar a bakin kamfani? Wata kwalbar. Daga nan ka bi ƙananan hanyoyin jini ɗaya bayan ɗaya. Ido ya fara hazo. Ƙoda ta gaji. Jijiyoyin ƙafa su mutu, har ka sauwaƙe wa lebura jin zafi: ya taka ƙusa da silifas a wurin aiki, sai dare ya ga jini a tafin ƙafa, ya goge ya kwanta, gyambo ya kama, ya ƙi warkewa, daga baya a kai ga yanka. Hatta tumbin da ka saba ratsawa da gudu ba ka mance da shi ba. A wasu da ciwon ya daɗe a jikinsu jijiyar da ke motsa shi kan lalace, abinci ya kwana a ciki, ga kumburi ga amai, allurar insulin ta yi aikinta abincin bai iso ba, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan wurin ne ke ci mini rai, domin ƙafar da aka yanke ita ce ke ciyar da gida, kuma ma'aikacin wucin-gadi ba shi da fansho ko inshora da za su tsaya masa.

Ba zan yi maka ƙage ba. Ƙofar da gulukos ke bi a hanji tana jan gishiri da ruwa tare da shi, kuma da wannan ne ruwan gishiri da sukari ya ceci miliyoyin yara masu gudawa. Mai ciwon da sukarinsa ya faɗi yana karkarwa yana gumi, ƙwaya uku naka na iya dawo da shi. Ciwon nau'i na farko da ke kama yara ba laifinka ba ne. A nau'i na biyu ma kana da abokan aiki: gado, ƙiba, rashin motsa jiki, da farar shinkafa da farin burodi waɗanda su ma gulukos suke komawa. Da ɗan gari akan ci gari. Amma a cikinsu duka babu wanda ke da allon talla a kan titi da firiji a kowane shago sai kai.

Ka kuma samar wa masu magani kasuwa. Yanzu akwai allurai masu kwaikwayon GLP-1, irin su Ozempic, waɗanda ke yin aikin da hanji ke yi kyauta tun fil azal. Kuɗin na wata guda ya fi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Shigarka gidan talaka da araha, fitarka sai mai hali.

Hukuma ma ta san girmanka. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a kwalbar rabin lita, kuɗin da ko mai ruwan leda ba ya kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 in ana so mutane su rage sha. Mu kuwa mun san mutuncin manya, ba mu yi maka wannan rashin kunyar ba.

Sai dai kada ka karaya, akwai sauran aiki a gabanka. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a Najeriya da kashi 5.77 cikin 100, fiye da mutum miliyan 11, alhali binciken ƙasa na 1992 ya sami kashi 2.2. Arewa maso Yamma ce ta zo ta ƙarshe da kashi 3 cikin 100. Gero da dawa da wake da tafiyar ƙasa sun daɗe suna tare maka hanya a nan. Da irin himmar da kake yi a bakin kamfanoni da makarantu da gidajen biki, ba da daɗewa ba za mu kamo na gaba.

Gaisuwarka ta ƙare nan. Sauran magana da kai nake, ɗan'uwa mai tashi da asuba zuwa Bompai ko Sharaɗa ko Challawa. Fiye da rabin masu wannan ciwo a Afirka ba su san suna da shi ba, don yana iya shekaru bai nuna alama ba. In ka haura shekara 35, ko akwai mai ciwon a gidanku, ko ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ka, don Allah ka je asibiti da safe kafin ka ci komai a ɗiga jinin yatsanka a na'ura. In ta nuna 126 ko fiye, ka koma a sake gwadawa, ka ga likita. Ka rage ƙwayoyin shayi, ka kashe ƙishirwa da ruwa, ka fara cin wake da ganye kafin wani abu mai zaƙi ya shiga cikinka. Ku kuma masu kamfanoni, ku kawo masu gwaji bakin ƙofa ko sau ɗaya a shekara, ku sa ruwan sha mai sanyi inda ma'aikata za su same shi kyauta.